AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ko Hoton Ƙwaƙwalwa Yana Gano Dalilin Ciwon Kai?

 Kamar yadda aka saba, amsar da kuka ji a akwatin rediyo ita ce muke bugawa a nan, saboda wanda bai sami saurara ba, da wanda yake son ya ajiye ya sake dubawa.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Bomo, kusa da Samaru, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Mai wasiƙar manomi ne, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Maiɗakina ce take fama da ciwon kai yau shekara shida. Yakan kama ta ɓari guda, sau biyu ko uku a wata, da tashin zuciya, ba ta son haske ko hayaniyar yara, sai ta shige ɗaki ta kwanta. Bayan kwana ɗaya ko biyu ta miƙe garau. Mun je asibiti, likita ya duba ta ya rubuta magani, amma bai ce a yi hoto ba. Yanzu 'yan'uwanta sun matsa mini in kai ta Shika a yi mata hoton ƙwaƙwalwa, ko wani abu ne ya fito mata a ciki. Kuɗin kuwa sai na sayar da masarar da na ajiye. Don Allah shin hoton nan yana nuna dalilin ciwon kai?"

To Malam, mun gode, Allah ya ba uwargida lafiya. Amsar a taƙaice ita ce, hoto ba ya ganin ciwo. Abin da yake gani shi ne siffar abin da ke cikin ƙoƙon kai, wato ko jini ya taru, ko ƙari ya fito, ko ruwa ya yi yawa, ko wani sashe ya lalace. Mafi yawan ciwon kai kuwa ba ɗaya daga cikin waɗannan ke kawo shi ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko hoton nan iri biyu ne. Akwai wanda ake kira CT, wanda ke aiki da haske irin na hoton ƙashi, sai dai na'urar tana kewaya kan mutum, kwamfuta kuma ta haɗa hotunan ta nuna kan yanka-yanka, kamar yadda ake yanka burodi. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan cikin 1971, a 1979 kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Allan Cormack. CT yana da sauri, 'yan mintoci an gama, kuma yana nuna sabon jini da karayar ƙashi sosai. Shi ya sa shi ake fara nema in an kawo wanda ya yi haɗari.

Na biyu shi ne MRI. Shi ba ya amfani da wancan haske, da maganaɗisu mai ƙarfi yake aiki. Ya fi nuna naman ƙwaƙwalwa dalla-dalla, amma ya fi tsada, yakan ɗauki rabin awa ko fiye, ga ƙara, kuma dole mutum ya kwanta shiru ba motsi. Duk wanda ke da ƙarfe a jiki, kamar na'urar bugun zuciya, ko ɓarɓashin harsashi, ko mai walda da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, lalle ya faɗa kafin a shigar da shi. Shi kuwa hoton ƙashi na yau da kullum, in an yi wa kai, ƙoƙon kawai yake nunawa, ba ya nuna ƙwaƙwalwa. Kada mai ciwon kai ya ɓata kuɗinsa a kansa sai in likita ne ya nema da dalili.

To me ya sa mutum zai ji kansa kamar ya tsage, a yi hoto a ce ba a ga komai ba? Abin mamaki, shi naman ƙwaƙwalwa kansa ba ya jin zafi. Zafin yana fitowa ne daga jijiyoyi, da hanyoyin jini, da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, da naman wuya da na fatar kai. Ka ɗauki misalin akwatin rediyon da ke gabanka. In yana shuu, ka ɗauki hotonsa, hoton zai fito tsaf ba tsaga ba karaya, amma shuu ɗin yana nan. Matsalar a aikinsa take, ba a jikinsa ba. Haka ciwon ɓarin kai yake, haka ma ciwon kai na gajiya da damuwa, wanda mutum ke ji kamar an ɗaure masa kai da rawani an tamke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya sun yi fama da irin waɗannan ciwuka a 2021. Ka ga da kowa sai an yi masa hoto, da aiki ya gagara.

Mu ba likitoci ba ne, kuma ba a duba majiyyaci ta rediyo. Amma abin da ka zayyana ya yi kama ƙwarai da ciwon ɓarin kai, wanda ya fi kama mata, yakan yi daga awa 4 zuwa kwana 3, ya tafi ya dawo. Likitoci ba da hoto suke gane shi ba, da tambaya suke gane shi. Likita zai tambayi yaushe ya fara, ina yake kamawa, me ke tayar da shi. Zai auna jini, ya haska cikin ido ya duba bayansa, domin in wani abu yana danne ƙwaƙwalwa sau da yawa a nan alamar ke fitowa. Zai gwada ƙarfin hannu da ƙafa, ya sa mutum ya yi tafiya ya gani. In ciwon ya daɗe bai sake kama ba, wannan bincike kuma ya fito lafiya, to ƙa'idar likitoci ita ce ba a bukatar hoto. Saboda haka rashin tura uwargida hoto ba lalle ne sakaci ba.

Wani zai ce, ai ko don hankali ya kwanta gara a yi. To akwai abin dubawa. Hoton CT na kai guda ɗaya yana zuba wa jiki hasken da ya kai wanda mutum zai samu daga ƙasa da sararin sama cikin wata takwas ko kusa da haka. Ba abin tsoro ba ne in da bukata, amma ba a maimaita shi haka kawai, musamman ga yara. Wani lokaci ana yin allurar ruwan da ke fito da hoto, shi kuma sai an tabbatar ƙoda lafiya take. Sannan hoto yakan nuna 'yan tabo ko ƙananan ƙullutu da ba su da illa, ba su ne ke kawo ciwon ba, amma da an faɗa wa mutum shi ke nan barci ya ƙaurace masa, a shiga sabon kashe kuɗi.

A ƙasarmu ma, yawancin ciwon kai mai haɗari ba da hoto ake kama shi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini ake gane shi. Hawan jini da awo ake gane shi. Sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya hallaka fiye da 11,000, akasari a nan Arewa, ruwa ake ɗiba daga gadon baya a auna. Mai juna biyu kuwa awon jini da na fitsari ake fara yi mata.

Amma fa jama'a a saurara da kyau, akwai ciwon kan da ba a jira. Ga alamominsa:

1. Ciwon kai da ya sauko farat ɗaya kamar tsawa, cikin minti guda ya kai maƙura, irin wanda mutum bai taɓa ji ba. Yana iya zama jijiyar jini ce ta fashe. CT ya fi kama wannan in an yi shi cikin awa 6 na farko.

2. Ciwon kai tare da mutuwar hannu ko ƙafa, ko karkacewar baki, ko sarƙewar magana, ko gani biyu-biyu, ko ruɗewa, ko farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba.

3. Ciwon kai da zazzaɓi da sandarewar wuya.

4. Ciwon kai bayan faɗuwa ko haɗarin babur. A kula da tsofaffi musamman, domin dattijo yakan bugu a kai ya tashi lafiya, jini ya yi ta taruwa a hankali, sai bayan makonni a ga ya soma mantuwa da yawan barci da tangaɗi, a ce tsufa ne ko iska. Aiki ake yi a zuƙe jinin, da yawa kuma suna warkewa.

5. Sabon ciwon kai ga wanda ya haura shekara 50, ko mai ciwon daji, ko mai ƙanjamau, ko yaro mai sikila.

6. Ciwon da kullum ƙaruwa yake, ya tashi mutum daga barci, ya fi tsanani da asuba tare da amai, ko ya ƙaru in an yi tari ko an sunkuya.

7. Ciwon kai mai tsanani ga mai ciki ko mai jego, balle in da kumburin fuska ko dishi-dishin gani.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ba maganar kemis, ba maganar a bari gari ya waye. Ku mutanen Bomo da Samaru Allah ya hutar da ku, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na Shika a 2005, yana nan kusa da ku a kan hanyar Funtuwa. A nufi sashen gaggawa kai tsaye. A irin wannan hali, ko masara ce ko saniya, sayar da ita don hoto ba asara ba ce.

To Malam, ga shawararmu. Kada ka taɓa masarar tukuna. Ku sami kalanda, duk ranar da ciwon ya taso a yi alama, a rubuta abin da ya gabace shi, ko rashin barci, ko yunwa, ko zafin rana, ko hayaƙin murhu, ko lokacin al'ada, da kuma ƙwaya nawa aka sha. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin mai shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata, ko ƙwayoyin nan masu haɗi kwana 10 ko fiye, in ya wuce wata uku a haka, maganin da kansa yakan koma shi ne ke kawo ciwon. Bayan wata biyu ku koma wurin likita da kalandar. In tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ta faɗa masa. Ka tambaye shi ƙarara, "Likita, akwai alamar da ta sa a yi hoto?" In ya ce a yi, ka tambayi wane iri, kuma me ake nema. In ya ce babu, ka nemi ya yi maka bayanin magungunan da ke rage yawan tasowar ciwon, domin akwai su. Ka kuma tafi da ɗaya daga cikin 'yan'uwan nata ya ji da kunnensa, ai su ma ƙauna ce ta sa suke matsawa. In kuwa wata rana ciwon ya sake kama, ya zo da abin da ba ta saba gani ba, to lissafi ya canza, a garzaya asibiti.

Nan za mu dakata. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a rubuta a fili yadda za su karantu, tambaya ɗaya a takarda ɗaya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.