Ludayin Tiga a hannun wa yake?

Da zarar kakar zaɓe ta gabato, za ka ji masu neman ƙuri'a a Kwanar Gafan da Kadawa suna cewa, "Mu muka kawo muku ruwa." In kuma rani ya kama aka yi jinkirin sako ruwa a kanal, sai jita-jita ta tashi wai dam ya ƙafe. Maganganun biyu uwarsu ɗaya: zaton cewa madatsa tana haifar ruwa.

Madatsa ba ta ƙara ko ɗigo. Tare ruwa take yi, ta ajiye shi, ta sauya masa hanya da lokaci. Kamar uwargida ce riƙe da ludayi: tukunyar miya ɗaya ce, in ta cika kwanon wannan, wancan zai ci tuwonsa gaya. Kamar rumbu ne, hatsin na gida duka ne, amma mabuɗin yana aljihun mutum ɗaya. Ko ka ce naman watanda, sa ba ya ƙara girma don an kasa shi, sai dai kason wani ya fi na wani.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukumomin raya koguna, ciki har da ta Haɗeja-Jama'are, ludayin ya koma hannun tarayya. Kura da Bunkure da Garun Malam suka samu tumatir da albasa da alkama da shinkafa, babu mai musun wannan alheri. Amma can ƙasa, fadamun Haɗeja zuwa Nguru sun rasa yawancin ambaliyar da masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ita. Da aka ƙara madatsar Challawa a 1992, ciyawar kacalla ta ƙara samun gindin zama tana toshe hanyoyin ruwa.

Mutanen Bakolori sun fi kowa sanin zafin wannan rabo. A 1980, manoman da aikin madatsar Bakolori ya raba da gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da dama.

Dabarar tsohuwa ce. Turawan Ingila sun gina madatsar Sennar a Sudan a 1925, suka ɗaure manoman Jazira da noman audugar da masaƙunsu ke buƙata. A Janairun 1990 Turkiyya ta tare kogin Furat kusan wata guda don cika madatsar Ataturk, Siriya da Iraƙi suna kuka. A nan gida ma, ba banza ba ƙudurin dokar ruwa ta ƙasa ya tayar da ƙura a majalisa a 2020, domin gwamnoni sun gane abin da ake son ɗauka daga hannunsu.

Mu ma da namu laifin. Na bakin kanal ya fasa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi ya kwana yana gadin busasshiyar gona, taron ƙungiyar masu amfani da ruwa kuma ba a zuwa sai an ji ana rabon taki. In ɗan takara ya sake zuwa, a tambaye shi wa ke tsara ranar buɗe ruwa da rufe shi, kuma kuɗin ruwan da ake karɓa ina yake shiga.