Inda Hamma Ta Zama Aiki

Sau ɗaya a mako likitan gaɓɓai ke zama a wani asibitin koyarwa, don haka kafin masu shara su gama da baranda benci ya cika. Yawanci mata ne, wasu a gidan dangi suka kwana cikin gari, domin motar ƙauyensu ba ta isowa da sassafe. Ba sai an nuna maka su ba, hannuwansu kan faɗa: yatsu sun kumbura daga gindi, sun karkata wajen ƙaramin yatsa, dama da hagu iri ɗaya. Safiya ce lokacin da ya fi musu wuya, saboda gaɓɓai kan tashi a sandare, sai an yi awa guda ko fiye kafin su saki. Asibiti kuwa da safe yake karɓar kati.

Waɗanda ciwon ya hau musu muƙamuƙi, sai lokacin karin kumallo ake gane su. Wata mata da ba za ta wuce shekara arba'in ba ta aiki 'yarta wurin mai koko a bakin ƙofa. Yarinyar ta gutsuttsura ƙosai ta zuba cikin kokon, ta bar shi ya jiƙu har ya saki jiki. Uwar ta ciro ƙaramin cokalin shayi daga jaka, don ludayin mai koko ba ya shiga bakinta. Haƙoran sama da na ƙasa ba sa rabuwa fiye da faɗin yatsu biyu. Tana karkata kai, tana zura cokalin ta gefe, tana haɗiyewa ba tauna. Da hamma ta zo mata, sai ta yi maza ta tokare haɓa da bayan hannu, ta runtse ido har ta wuce.

A gida sanyin ƙashi ake cewa, ana ɗora laifin kan wanki da ruwan sanyi ko iskar hunturu. Likitoci kuwa rumatoyid suke kiran wannan nau'in amosanin gaɓɓai, kuma ba tsufa ke kawo shi ba. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa siririyar fatar da ke shimfiɗe a cikin gaɓa, wadda ke samar da maiƙon da ƙashi ke sulɓi a kai. Fatar ta kumbura, ta yi kauri, ta ci guringuntsi, sannan ta shiga cin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da cutar, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Muƙamuƙi ma gaɓa ce. Sa yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji kan ƙashi yana zamewa gaba. Biyu ne, dama da hagu, kuma dole su motsa tare. Mai ciwon gwiwa zai iya riƙe sanda ya ba ta hutu. Wannan gaɓar ba ta da ranar hutu: da ita ake ci, da ita ake magana, da ita ake karatu a cikin salla. Idan guringuntsinta ya zaizaye, mai ita kan ji ƙara a cikin kunne kamar ana taka yashi.

Matsalar ita ce ciwon ba ya tsayawa inda yake. Yakan bugi kunne, ya bugi gefen kai, ya sauka kan turamen haƙori. Shi ya sa kusan kowa a bencin nan sai da ya yi dogon zagaye kafin ya iso. Akwai wadda ta ƙarar da kwalaben maganin ɗigawa a kunne. Akwai wadda aka cire wa lafiyayyen turmi, ciwo yana nan. A gaban kunnen wasu za ka ga tabon tsagar wanzami, layi-layi. Mafi yawa sun bi ta kemis, inda ake ƙulla musu haɗi a leda: diklofenak, firoksikam, da deksametason, wanda 'yan mata ke sha don ƙiba. Haɗin yana aiki, kuma a nan haɗarinsa yake. Cikin kwana biyu ciwo ya lafa, bayan watanni fuska ta yi zagaye, dangi su ce ai ta warke har ta murmure. Ba murmurewa ba ce, kumburin magani ne, kuma bayansa hawan jini da ciwon suga da gyambon ciki da raunin ƙashi ke biyowa.

Amma abin da matan suka fi tattaunawa a tsakaninsu ba magani ba ne, zaman gida ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a nan suka sami masu fahimta. A gidan da ake ci a tire ɗaya, mai ƙaramar loma da yunwa take tashi. A wurin suna ko biki an miƙo soyayyen nama ta ce ta ƙoshi, sai a ce girman kai, ko kuma a ce tana zargin an sa mata wani abu. Gaisuwarmu doguwa ce, daga kwana zuwa gajiya zuwa yara zuwa maigida. Wadda ta amsa da "lafiya lau" ta yi shiru, kishiya da uwar miji gaba za su ɗauka take yi. Hannun da ya karkace kowa na gani ya tausaya. Bakin da ya ƙi buɗewa, hali ake ɗaukarsa. Babbar Salla kuwa, in ba an yi dambu mai laushi ko an dafa naman ya yi luguf ba, kallo ne nasu. Kilishi, rake, aya, ƙuli-ƙuli, ƙanzo, duk an yi sallama da su. Wani dattijo cikin 'yan mazan da ke wurin, malamin makarantar allo, da magogi yake yawo a aljihu, yana goga goronsa ya tsotsa, alhali haƙoransa ras suke. Biya wa almajirai karatu kuma ya bar wa manyan ɗalibansa.

A cikin ofis, likita kan bi gaɓɓai 28 yana latsawa: kafaɗu, gwiwar hannu, wuyan hannu, yatsu, gwiwa. Ma'auni ne da ake amfani da shi a duniya don sanin ƙarfin cutar, kuma muƙamuƙi ba ya ciki. In likita bai tambaya ba, mara lafiya ba ta faɗa, domin a ganinta baki sashen likitan haƙori ne. A nan, a nawa ganin, ake bambanta likitan da ya iya aiki. Na wannan ɗakin yakan ajiye biro ya ce, "Inna, buɗe baki mu gani. Jera yatsu uku a tsaye ki sa." Lafiyayyen baki yakan buɗe kamar santimita 4, wato yatsu ukun su shige. Sai kuma ya ce ta cije. Idan turame sun haɗu amma haƙoran gaba sun bar ƙofa, ta yadda ba za ta iya tsinke zare da su ba, to kan ƙashin ya riga ya cinye, kuma abin da ya cinye ba ya dawowa.

Maganin da ke tsayar da ɓarnar shi ne wanda ke kwantar da garkuwar jiki, galibi metotireset, ana haɗa shi da folik asid. Sau ɗaya tak ake shan sa a mako, shan sa kullum na iya kisa, don haka tsofaffin zuwa kan ce wa sababbi su ɗaure shi da Juma'a. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ji daɗinsa, kuma a wannan tsakanin ne da yawa ke karaya su koma kemis. Sau da yawa ana ƙara haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin na zazzaɓi, wanda ke bukatar duba ido lokaci-lokaci. Muƙamuƙin kansa kuma sai gashi da tsumma mai ɗumi, abinci mai laushi, barin cingam, da motsa shi a hankali. Buroshin yara ya fi shiga bakin, asuwaki kuwa sai an daddaka kansa, tunda ba a iya tauna shi.

Matan da ke cikin shekarun haihuwa sun fi daɗewa a ofis. Metotireset yana illata ɗan tayi, dole a dakatar da shi a canza wani kafin a ɗauki ciki, kuma wannan ba shawarar mace ita kaɗai ba ce a gidajenmu. Sai likita ya leƙo ya ce a kira maigida, in ya zo. Yakan kuma rubuta a bangon katin cewa bakinta ba ya buɗewa sosai kuma a duba ƙashin wuyanta, domin ranar da haihuwa ta zo da tiyata, mai sa barci yana bukatar sanin haka kafin ya ɗauko bututun numfashi.