Aladdin na Sega ko na Nintendo: me ya sa gem biyu masu suna ɗaya suka sha bamban?

Yau ba zancen sabon fim ko sabuwar waƙa na kawo ba, tsohon gem ne, amma wanda ya fito daga cikin fim. Duk wanda ya kalli katun ɗin Aladdin na Disney, wanda ya fito a 1992, ya san labarin yaron kasuwa da birinsa Abu da aljanin fitila. To a 1993 an yi gem guda biyu a kan wannan fim, ɗaya na Sega Mega Drive (a Amurka Genesis suke ce mata), ɗaya na Super Nintendo. Mutane da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne aka zuba a na'ura biyu. Ko kusa. Kamfani daban, ma'aikata daban, hatta yadda ake bugawa daban.

Na Sega kamfanin Virgin Games ne ya yi, David Perry ne jagoran masu rubuta shi. Abin da ya sa ya yi fice shi ne masu zanen katun na Disney da kansu suka zana motsin Aladdin a takarda, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda suke yi wa fim, sannan aka shigar da zanen cikin kwamfuta aka matse shi har ya shiga kaset. Kaset ɗin nan fa megabait 2 ne kacal. Waƙa ɗaya da ke wayarka yanzu ta fi shi nauyi. Kuma Mega Drive ba ta nuna launin da ya wuce 64 a lokaci guda, alhali Super Nintendo tana kai 256. Duk da haka in ka kunna na Sega sai ka rantse fim ɗin kake kallo, don ba yawan launi ne ke aikin ba, motsi ne. Dubi yadda wandon Aladdin ke kaɗawa in ya yi tsalle, ko yadda yake leƙe-leƙe in ka bar shi a tsaye. Ka taka bayan raƙumi ya tofo abu, ka samu wani dogari wandonsa ya zame. Irin barkwancin fim ɗin ne sak. Ko ma'aunin rai ba layi ba ne, hayaƙi ne da ke fita daga fitila, yana raguwa duk sanda aka taɓa ka.

Kiɗan ma daga fim aka ɗauko, waƙoƙin da Alan Menken ya tsara. Ba murya, sautin na'ura ne zalla daga ɗan guntun Yamaha da ke cikin Sega, mai layin sauti shida. Yana da ɗan kaushi, kamar tsohon fiyanon situdiyo, amma da ka shiga kasuwar Agrabah za ka gane waƙar. Masu haɗa kiɗa a cikinku su saurara da kyau, su ji yadda ake cika kunne da kayan aiki kaɗan.

Na Nintendo kuwa Capcom ta Japan ce ta yi, kuma Shinji Mikami ne ya tsara shi, mutumin da daga baya ya yi Resident Evil a 1996. A nan Aladdin ba shi da takobi. Tuffa yake jifa, ya dira a kan abokan gaba, ya kama sanda ya yi lilo, ya buɗe zani ya sauko a hankali. Masoyan Sega kan yi wa wannan dariya, wai gem ɗin yara ne. Ni dai ban yarda ba. Ku tuna fim ɗin: Aladdin ɗan kasuwa ne mai wayo da zillewa, guje wa dogarai yake yi, ba sara yake ta yi ba. Ta fuskar hali, na Capcom ya fi kama da shi.

Ga kuma inda nake da ƙorafi kan na Sega. Kyan zanen yana ɓoye wasu matsaloli. Wani lokaci za ka kai sara ka ga kamar ka samu mutum, ashe ba ka same shi ba. Wani wurin ba ka iya bambance inda ake takawa da abin da ado ne kawai. Allon kuma yana fizga in ka juya da sauri. Matakin gudu a kan darduma, inda wuta ke bin ka a baya duwatsu na tahowa a gaba, haddace hanya ce kawai ke fitar da mutum. Sannan babu ajiye wasa, in rayukanka da damar ci gaba suka ƙare sai ka koma kasuwa daga farko. Sai dai akwai dabara: ka tsayar da gem, ka danna A, B, B, A, A, B, B, A, zai tsallakar da kai mataki na gaba. Na Nintendo shi yana ba da kalmar sirri ta hotuna, tsallensa kuma daidai yake, inda ka nufa nan kake sauka. Laifinsa gajarta, wanda ya iya zai gama shi a zama ɗaya.

A kasuwa na Sega ne ya yi nasara, an sayar da kusan miliyan 4, yana cikin gem mafi ciniki a tarihin na'urar. A nawa hukuncin, in kallo da kiɗa kake so, wato ka ji kana cikin fim, ɗauki na Sega. In daɗin hannu kake nema, na Capcom ya fi.

Ba sai ka nemo tsohuwar na'ura ba. A 2019 an sake fitar da na Sega tare da The Lion King a PS4 da Xbox One da Switch da kwamfuta, har da maɓallin mayar da wasa baya in ka faɗa rami. A 2021 aka ƙara na Capcom da The Jungle Book a cikin tarin. Shawarata, ka fara bugawa ba tare da taɓa wannan maɓalli ba, aƙalla har ka fita daga kurkukun Sarki. Wanda ya wuce matakin darduma bai yi amfani da dabarar tsallake ba, ya faɗa mana sau nawa wuta ta cinye shi kafin nan.