Littafi a cikin salula: yadda marubutan Hausa ke buga aikinsu da kansu

Shekaru talatin da suka wuce, duk wanda ya rubuta littafin Hausa sai ya nemi kuɗin takarda da na maɗaba'a, sa'an nan ya kai wa dillalai a kasuwa ya zauna jiran ciniki. A yau kuwa matar aure a Kano ko ɗalibi a Maraɗi na iya rubuta babi da dare a salularsa, kafin gari ya waye masu karatu a Yamai da Kumasi da Khartum sun karanta. Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa nauyi, wanda marubuta da yawa ba su lura da shi ba tukuna.

Buga littafi da kuɗin aljihu ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Tun cikin shekarun 1980 marubutan da ake kira na Adabin Kasuwar Kano suka fara fitar da littattafansu ba tare da jiran manyan kamfanoni ba. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Irin waɗannan littattafai sun tsallako iyaka har kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Daga baya tsadar takarda da shigowar finafinai suka raunana kasuwar, sai marubuta suka koma intanet.

Hanyoyin suna da yawa. Akwai Wattpad, da aka kafa a Kanada a 2006, inda ake ɗora labari babi babi ana karantawa kyauta. Akwai tsarin kamfanin Amazon na buga littafi kai tsaye, da ya fara a 2007. Amma hanyar da ta fi karɓuwa ga marubutan Hausa ita ce WhatsApp da Facebook. Marubuciya kan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda mai karatu ba ya iya haƙura, sai ta ce ci gaban na kuɗi ne. Ƴan Nijeriya su biya ta banki, ƴan Nijar kuwa sau da yawa su aika da katin waya, sa'an nan a saka su cikin rukunin masu biya. Mata ne suka fi cin moriyar wannan tsari, domin suna sana'ar daga cikin ɗakinsu.

To, ina matsalar take? Ta farko ita ce sata. Mutum ɗaya zai sayi littafi, ya kwafe shi ya watsa wa ɗaruruwa, wasu ma su karanta shi a YouTube suna samun kuɗi ba da sanin mai shi ba. Doka ba ta yarda da haka ba. A Nijar akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, Nijeriya kuma ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi abin da ake ɗorawa a intanet. Amma doka ba ta taimakon wanda ba shi da shaidar cewa shi ya fara rubuta abin.

Ta biyu ita ce dogara ga rumfar wani. OkadaBooks, kasuwar littattafai ta intanet da aka buɗe a Nijeriya a 2013, marubutan Hausa da dama sun sayar da ayyukansu a cikinta. A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 aka rufe ta. Wanda bai ajiye kwafin littafinsa ba, kuma bai san yadda zai sake samun masu karatunsa ba, ya koma farko. Haka yake ga mai rubutu a salula kaɗai: ranar da aka sace ta ko aka rufe masa lamba, aikin shekaru ya tafi.

Ta uku ita ce rashin mai gyara. A da edita ne ke tace rubutu kafin ya fita. Yanzu ana cin karo da littattafan da aka haɗe kalmomi, aka zubar da haruffa masu lanƙwasa, har mai karatu ya kasa bambance ƙafa da kafa, ko ɓata da bata. Abin ya fi haɗari a rubutun da ba ƙagagge ba. Kuskure a labarin soyayya dariya zai jawo, amma kuskure a littafin magani ko na tarihi na iya cutar da jama'a.

Saboda haka mai son shiga wannan harka ya sani cewa shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne ɗan kasuwa, shi ne kuma mai gadi. Ya ajiye kwafin aikinsa a wuri fiye da ɗaya, da kwanan wata. Ya ba wani masani ya duba kafin ya saki. Ya karanta sharuɗɗan kowace manhaja kafin ya miƙa mata littafinsa. Masu karatu kuma su tuna cewa ƴan kuɗin da suke ƙyashin biya su ne ke sa a rubuta musu littafi na gaba.