Allurar Fenisilin: Lokaci Ya Fi Yawa

'Yan uwa fatake, da yawanmu idan sa ya kwanta a hanya ko a kara sai a cika sirinji da fenisilin, a danna masa sau ɗaya, a ce an gama. To, ba haka wannan magani yake aiki ba.

Fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, da danginsa irin su amoksisilin da amfisilin, suna kashe ƙwayar cuta ne ta hanyar lalata ɓawon da ya rufe ta a lokacin da take hayayyafa. Saboda haka ƙarfinsu yana ga daɗewarsu cikin jini. Ga shi kuma ƙoda tana saurin fitar da su cikin fitsari. Shi ya sa a manyan asibitocin mutane, idan ciwo ya tsananta, likitoci kan saka irin wannan magani cikin ƙarin ruwa ya riƙa ɗiga awa da awanni.

Mu ma mu ɗauki darasi. Na farko, a san nauyin dabba. Idan takardar kwalba ta ce mililita 1 ga kilo 20, sa mai kilo 300 mililita 15 ne rabonsa, a raba wuri biyu cikin tsoka. Farin fenisilin mai kauri ba a yin sa a jijiya, yana iya kashe dabba nan take.

Na biyu, a kiyaye lokaci. Idan an ce kowace rana, kada a tsallake, kada a tsaya don an ga sa ya miƙe. Ƙwayoyin da suka rage su ne ke komawa masu taurin kai.

Na uku, dabbar da ta galabaita da ƙishirwa jininta ba ya zagayawa sosai, magani sai ya jima a tsoka bai shiga ba. A ba ta ruwa da inuwa, a nemi likitan dabbobi.

Sannan ba kowane ciwo yake yi wa ba. Yana taimakawa ga harbin daji idan an kama da wuri. Amma ƙwayar ciwon huhun shanu ba ta da wannan ɓawo, fenisilin ba ya taɓa ta, haka ma sammore.

A ƙarshe, kada a kai wa mahauta sai kwanakin da takarda ta gindaya sun cika, domin naman nan iyalan wasu ne za su ci. Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.