Idan Mai Gadi Ya Kama Mai Gida

Ran 30 ga watan Satumba na shekarar 2011, waɗansu masu aiki da kwamfuta suka wayi gari suka tarar manhajar Chrome, wadda suke shiga intanet da ita, ta ɓace daga injinansu. Ba ɓarawo ne ya ɗauke ta ba. Manhajar tsaron kamfanin Microsoft, mai suna Security Essentials, ita ce ta dube ta, ta yanke hukuncin cewa wai Zbot ce, watau wata muguwar manhajar leƙen asiri da ta yi ƙaurin suna wajen satar kalmomin sirri na masu ajiya a banki. Ta toshe ta, a waɗansu wuraren ma ta share ta ɗungum. Kamfanin ya gyara kuskuren a ranar, ya nemi gafara, ya kuma ce mutanen da abin ya shafa sun kai kimanin 3,000. Da yake Microsoft yana da tasa manhajar da ke gasa da Chrome, sai aka yi ta tsegumi, amma bayanin kamfanin shi ne kuskure ne kurum.

Wannan ba shi ne farau ba. A watan Fabrairu na 2006 manhajar yaƙi da leƙen asiri ta Microsoft, wadda a lokacin ake gwajinta, ta zargi manhajar tsaron kamfanin Symantec da satar kalmomin sirri. Shekara guda bayan haka, a watan Mayu, ita ma ta Symantec ta far wa waɗansu muhimman fayiloli biyu na Windows mai harshen Sinanci, dubban injina a ƙasar Sin suka ƙi tashi. Na kamfanin Sophos ya fi ban dariya, gama a watan Satumba na 2012 manhajarsa ta kama wani sashe na jikinta, wanda ta nan ne gyara yake iso mata.

To, amma wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne na ran 21 ga watan Afrilu, 2010. A ranar kamfanin McAfee ya aika wa abokan cinikinsa sabon jerin sunayen miyagun manhajoji mai lamba 5958. A cikinsa akwai wata alama da ta dace da wani fayil na Windows XP mai suna svchost, wanda in babu shi injin ba ya iya gudanar da ayyukansa. Manhajar ta tsare fayil ɗin, injina suka shiga mutuwa suna tashi ba ƙaƙƙautawa, hanyarsu ta sadarwa kuma ta yanke. Wannan yankewar ita ce babbar masifa, domin ba dama a aiko da magani daga nesa, tilas ma'aikaci ya bi injina ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa da hannu. A jihar Rhode Island ta Amurka asibitoci suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A jihar Kentucky aka umurci 'yan sanda su kashe kwamfutocin da ke cikin motocin sintiri. A Ostareliya kuwa waɗansu kantunan Coles suka rufe ƙofa, saboda injinan karɓar kuɗi sun tsaya. Daga baya McAfee ya amsa cewa gwajin da ya yi kafin sakin jerin bai haɗa da irin waɗannan injinan ba.

Mai karatu zai so ya san yadda irin wannan ke faruwa ga kamfanonin da ke da ƙwararru da dukiya. Dalilin yana cikin yadda manhajar tsaro take gane mai laifi. Hanya ta farko ita ce ta alama: masana su ɗebi ɗan guntun rubutu daga jikin muguwar manhaja, su ajiye shi kamar zanen yatsa, duk fayil ɗin da aka samu da irinsa a kama shi. Muddin guntun ya gajarta, ko kuwa ya zama irin wanda masu rubuta manhaja da yawa ke amfani da shi, to, mai gaskiya ma sai ya faɗa tarko.

Hanya ta biyu ta fi wuya, ita ce ta lura da hali. Cibiyar AV-TEST ta ƙasar Jamus ta sha bayar da rahoton cewa tana samun sabbin manhajojin ɓarna da waɗanda ba a so fiye da 450,000 a kowace rana, saboda haka ba mai iya ɗaukar zanen yatsan kowacce. Sai aka koya wa manhajar tsaro ta riƙa tuhumar duk abin da ya yi irin aikin ɗan leƙen asiri: sauraron abin da ake bugawa a kan madannai, ɗaukar hoton allo, karanta ma'ajiyar kalmomin sirri, aika saƙo waje a ɓoye. Matsalar ita ce manhajojin kirki ma suna yin waɗannan. Wadda injiniyan ofis yake gyara kwamfutar abokin aikinsa da ita daga nesa, dole ta ga allonsa. Ƙaramar manhajar da ke taimakon magatakarda ya fitar da ƙ da ɗ da ɓ, dole ta saurari kowane harafin da ya danna kafin ta musanya shi. A idon injin, ita da ɓarauniyar kalmar sirri aikinsu guda, niyya ce ta bambanta, injin kuwa ba ya ganin niyya. Tun cikin shekarun 1980 wani masani Ba'amurke, Fred Cohen, ya nuna ta hanyar lissafi cewa ba za a taɓa samun tsarin da zai gane kowace ƙwayar cutar kwamfuta ba tare da kuskure ba. Abin da ya rage wa kamfani shi ne zaɓi: in ya tsananta ya kama marasa laifi, in ya sassauta ɓarayi su wuce.

A ganinmu wanda ya fi cutuwa shi ne ƙaramin mai sana'a. Chrome ta samu gyara cikin sa'o'i domin Google ne mai ita. Amma ɗalibi ko ƙaramin kamfani da ya rubuta sabuwar manhaja, wadda ba a san ta ba, kuma ba ta ɗauke da hatimin shaidar da ake saye da kuɗi, rashin sanin nan kaɗai ya isa a tuhume ta. Sai ya bi kamfanonin tsaro ɗaya ɗaya yana roƙon a wanke shi, masu saye kuwa sun riga sun gudu. Kotu ma ba lalle ta share masa hawaye ba. A shekarar 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka, a shari'ar Zango da Kaspersky, ta ce doka ta kare mai manhajar tsaro a kan abin da ya toshe. Sai a 2019, a shari'ar Enigma da Malwarebytes, kotun ta ƙara da cewa kariyar ba ta shafi wanda ya toshe abokin gasarsa don ya karya masa kasuwa ba.

Duk da haka kada ma'aikaci ya ɗauka cewa duk gargaɗin da ya shafi sananniyar manhaja ƙarya ne, ya kashe mai gadinsa ya huta. A shekarar 2017 ɓarayi sun kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner, suka cusa mugun abu a cikinta, ta fita da hatimin kamfanin na gaskiya, mutum sama da miliyan 2 suka saka ta a injinansu. Abin da ya fi dacewa idan gargaɗi ya fito shi ne a tsare fayil ɗin a maimakon a share shi, domin abin da aka tsare ana iya mayar da shi. Sa'an nan a nemi ra'ayi na biyu daga VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, inda manhajojin tsaro kusan 70 ke duba fayil guda. In ɗaya ko biyu ne kaɗai suka yi kuka, galibi kuskure ne, in kuwa sun yi yawa a guje shi. Sai dai fa kada a aika takardar gwamnati ko ta sirri can, gama abin da aka aika ana raba shi ga kamfanonin tsaro da masu bincike. Ofishin da ke da injina da yawa kuma, gara ya fara saka sabon jeri a kan guda biyu ko uku, ya ga yadda suka kwana, kafin ya sake shi ga sauran.