Yadda ƙidayar tsuntsaye a lambunan gida ke tona asirin raguwarsu a Birtaniya

A ƙarshen watan Janairun kowace shekara, dubban ɗaruruwan mutane a Birtaniya kan ware awa guda su zauna a lambun gidajensu suna rubuta tsuntsayen da suka sauka.

Ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ce ta ƙaddamar da shirin a 1979, da farko domin yara. A 2021 mahalartan sun haura miliyan ɗaya.

Ƙa'idar ita ce a rubuta adadi mafi yawa na kowane jinsi da aka gani a lokaci guda, domin kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu idan ya tashi ya dawo. Wanda bai ga komai ba ma ana son ya aika da rahoto, domin rashin tsuntsun shi ma bayani ne.

Amfanin jerin yana fitowa ne idan aka kwatanta shekara da shekara. Ta haka aka gano cewa gwara, duk da ta daɗe tana kan gaba a jerin, ta ragu da fiye da rabi a lambuna tun 1979.